Me ya sa ɗaukar kwatabak a sahun farko yake zama caca a gasar NFL?

Ka tambaya, ɗan'uwa: tunda kowa ya amince cewa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma mai jan ragamar hari a ƙwallon zari-ruga ta Amurka, shi ne ya fi kowa muhimmanci a fili, me ya sa ake ta gargaɗin cewa ɗaukarsa a farkon zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar wasan, haɗari ne? Ashe ba mafi muhimmanci ake fara ɗauka ba?

Haɗarin gaskiya ne. Sai dai yawancin masu maganarsa a kan yaron suke ɗora laifi, su ce ba shi da kai, ko ba shi da zuciya. A nawa ganin, babban kason haɗarin yana wurare biyu da ba ruwan yaron da su: gidan da aka kai shi, da abin da ƙungiya ta sayar kafin ta samu damar ɗaukarsa. Amma sai mun fara da yadda tsarin yake, domin wanda ya saba da ƙwallon Turai ba zai ga inda gizo ke saƙa ba sai an warware masa wannan.

A NFL kulob ba ya renon yara a makarantarsa, ba ya kuma zuwa da jakar kuɗi ya sayi matashi. Daga jami'o'i 'yan wasa suke fitowa, kuma sau ɗaya a shekara, cikin watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 suke zaɓa bi da bi har zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke da gurbin farko, wadda ta ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakaran gasar, kuma ita ce ta ƙarshe. Babu faɗawa rukunin ƙasa. Sannan gurbin zaɓen kansa haja ne: ana musayarsa da 'yan wasa, ko da guraben shekaru masu zuwa. Wato yaron da ya fi kowa haskawa a jami'a, ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ake miƙa wa shi, kuma ƙungiyar da ke ƙishinsa tana iya jinginar da gobenta don ta same shi.

To, shin ana iya gane nagari tun kafin a ɗauka? Da wuya, fiye da yadda masu farautar 'yan wasa suke son a sani. A 1998 an yi ta muhawara ta gaske kan wanda ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Indianapolis ta ɗauki Manning a gurbi na ɗaya, San Diego ta ɗauki Leaf a na biyu. Manning ya zama gwarzon shekara sau biyar, ya ɗauki Super Bowl biyu. Leaf kuwa, duk zamansa a gasar sau 14 kacal jifarsa ta haifar da tacdawun, wato kai ƙwallo ƙarshen fili, amma sau 36 abokan hamayya suka cafke jifarsa. Mutanen da suka yi wannan muhawara ba wawaye ba ne. Sun kalli bidiyo, sun yi hira da yaran, sun auna ƙarfin hannu. Abin da ya raba mutanen biyu ba ya fitowa a ma'auni.

Dalili kuwa, wasan jami'a da na NFL suna ɗaya ne, amma aikin kwatabak a cikinsu ya bambanta. A jami'a, mai karɓar ƙwallo yakan tsere wa mai gadinsa da taku uku ko huɗu, sai ka jefa masa kana kallonsa. A NFL ana jefawa ne kafin mutumin ya juyo, zuwa wurin da zai kasance, ta wata 'yar kafa da za ta rufe cikin ƙiftawar ido. Masu tsaro suna ɓoye niyyarsu: su tsaya kamar za su gadi mutum da mutum, da zarar an ɗaga ƙwallo su koma gadin yanki. Kwatabak yana da abin da bai kai daƙiƙa uku ba ya gane abin da ya canza, ya zaɓi inda zai jefa, alhali ƙattai masu nauyin sama da kilo 120 suna tahowa kansa. A jami'o'i da yawa koci ne ke karanta tsaron daga gefen fili ya yi wa yaron alama. Saboda haka babbar tambayar, wato saurin da ƙwaƙwalwarsa ke aiki lokacin da ake shirin danne shi, sau da yawa ba a taɓa yi masa ita ba. Gwajin da ake yi a Indianapolis kowace shekara yana nuna gudu da tsalle da nisan jifa, cikin gajeren wando, ba mai kawo masa hari.

Abin ya fi tsanani idan wasannin da za a duba kaɗan ne. Mitchell Trubisky wasa 13 ya fara a jami'ar North Carolina, amma Chicago ta ɗauke shi na biyu a 2017, ta tsallake Patrick Mahomes da ya tafi a gurbi na 10. Trey Lance wasa 17 ya fara a North Dakota State, a rukunin jami'o'i na biyu. Anthony Richardson wasa 13 a Florida, aka ɗauke shi na huɗu a 2023. A irin wannan hali, jiki ake saye da fata. Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ke ingiza su. Josh Allen ya fito daga Wyoming da jifar da kusan kashi 56 cikin 100 kawai take isa hannun mai karɓa, abin da a da ake ɗauka ciwo ne marar magani. Buffalo ta ɗauke shi na bakwai a 2018, zuwa 2020 ya kai kashi 69, a kakar 2024 ya zama gwarzon shekara. Tun daga nan duk manajan da ya ga dogon yaro mai ƙarfin hannu sai ya ce ga Allen nasa. Amma Allen ya yi shekarunsa na koyo da koci ɗaya, Sean McDermott, da mai tsara hari ɗaya, Brian Daboll, sannan aka kawo masa gwanin karɓar ƙwallo Stefon Diggs. Wannan ya kawo mu maganar gida.

Ƙungiyar da ta samu gurbin farko ba don kwatabak kaɗai ta lalace ba. Galibi katangarta ta rushe, ina nufin mutum biyar ɗin da ke tsaye a gaban kwatabak suna kare shi. A 2002 sabuwar ƙungiyar Houston Texans ta ɗauki David Carr na ɗaya, ta jefa shi fili tun wasan farko. Sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a wannan kaka, adadin da ba a taɓa gani ba, a 2005 kuma sau 68. Mutumin da ake bugawa haka yakan daina kallon masu karɓa ya koma kallon masu zuwa kansa, kuma in wannan ɗabi'a ta shiga jiki ba ta fita da sauƙi. Tim Couch, wanda Cleveland ta ɗauka na ɗaya a 1999, sau 56 aka kayar da shi a shekararsa ta farko. Har wanda aka dace da shi ma bai tsira ba. Andrew Luck, na ɗaya a 2012, ya cika duk alkawarin da aka yi a kansa, amma ya sha duka a bayan katanga mai rauni: ƙodarsa ta tsage a 2015, ciwon kafaɗa ya hana shi wasa duk kakar 2017, ya ajiye wasa a watan Agustan 2019 yana ɗan shekara 29. Wannan asara tana ci mini rai, domin zaɓen daidai ne, riƙon ne ya gaza.

Bayan katanga sai kociyoyi. Ƙungiya mai shan kashi tana yawan kora, kuma kowane sabon mai tsara hari da nasa littafin dabaru da nasa kalmomin yake zuwa. Alex Smith, wanda San Francisco ta ɗauka na ɗaya a 2005, ya yi shekara biyar na farko kowace shekara da sabon mai tsara hari. An daɗe da yanke masa hukuncin cewa ba zai yi ba, sai da Jim Harbaugh ya zo a 2011, daga baya ya koma hannun Andy Reid a Kansas City, sannan aka ga ashe ɗan wasa ne. Baker Mayfield ya yi aiki da manyan kociyoyi huɗu cikin kaka uku na farko a Cleveland. Bayan ya yi yawo ya sauka Tampa Bay, a 2024 ya jefa tacdawun 41. Sam Darnold, wanda New York Jets ta ɗauka na uku a 2018 ta kuma rabu da shi bayan shekara uku, ya ci wasa 14 cikin 17 da Minnesota a 2024. Matthew Stafford ya yi kaka 12 a Detroit bai ci ko wasa ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale ba, shekararsa ta farko a Los Angeles Rams ya ɗaga Super Bowl. Hannun mutanen nan bai canza ba. Abin da ke kewaye da su ne ya canza.

Duba ɗaya gefen kuma. Kansas City ta ci wasa 12 a 2016 kafin ta hau daga gurbi na 27 zuwa na 10 ta ɗauki Mahomes. Tana da Reid, tana da gwanayen karɓar ƙwallo Travis Kelce da Tyreek Hill, tana kuma da Alex Smith a fili. Mahomes wasa ɗaya tak ya fara a 2017, sauran lokacin yana zaune yana koyo. A 2018 ya jefa tacdawun 50. Aaron Rodgers ya zauna shekara uku a bayan Brett Favre a Green Bay, Jordan Love shi ma ya zauna uku a bayan Rodgers. Ba ina cewa zama a benci magani ne ga kowa ba. Manning ya fara tun ranar farko, an cafke jifarsa sau 28, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 cikin 16, kuma ya amfana da wannan wahalar. C.J. Stroud da Jayden Daniels sun haska tun shekarar farko. Abin da ke da muhimmanci shi ne a samu zaɓi: in ya nuna a sa shi, in bai nuna ba a jira.

Wannan zaɓin ne ƙungiyar da ke cikin matsi ba ta da shi. Koci da janar manaja sun san kujerarsu tana rawa. Ɗaukar matashin kwatabak yakan ƙara musu shekara ɗaya ko biyu, domin za su ce wa mai kulob a yi haƙuri, gini ake yi. Amma magoya baya suna son ganin abin da aka ɗauko, don haka da an sha kashi sau uku sai a tura yaron fili ko bai shirya ba. In abin ya ƙi, a kori kocin, wanda ya gaje shi kuma ba shi ya zaɓi yaron ba, nasa yake so. Arizona ta ɗauki Josh Rosen na 10 a 2018, ta kori koci bayan kaka ɗaya, ta ɗauki Kyler Murray na ɗaya a 2019, ta miƙa Rosen ga Miami. Cleveland ta ɗauki kwatabak a zagayen farko a 1999, 2007, 2012, 2014 da 2018.

Yanzu ga farashi. A da, kuɗi ne babban abin tsoro. JaMarcus Russell, wanda Oakland ta ɗauka na ɗaya a 2007, ya samu tabbacin sama da dala miliyan 30 kafin ya taka fili. Ya ci wasa 7 cikin 25 da ya fara, aka sallame shi a 2010. Mutum biyun da suka biyo shi a zaɓen, Calvin Johnson da Joe Thomas, dukkansu suna zauren girmamawa na gasar a yau. Sam Bradford a 2010 ya samu tabbacin dala miliyan 50. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi, shi ya sa Cam Newton, na ɗaya a wannan shekarar, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu.

Da yawa suna cewa wannan ya kawar da haɗarin. Ya rage wani, ya haifo wani. NFL tana da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 255.4 a 2024. A wannan shekarar Dak Prescott ya sa hannu kan dala miliyan 60 a shekara, alhali Caleb Williams, na ɗaya a zaɓen, kusan miliyan 40 zai karɓa a shekara huɗu gaba ɗaya. Ka ga ƙungiyar da ta dace da matashi mai arha tana da rarar miliyoyi na ɗaukar masu tsaro da masu karɓa. Haka Seattle ta yi da Russell Wilson ta ɗauki kofin kakar 2013. Garaɓasar ta yi girma har ƙungiyoyi suka fara ɗaukar duk wanda ya yi kama da kwatabak tun da wuri. A 2021 an ɗauki biyar cikin gurbi 15 na farko: Trevor Lawrence, Zach Wilson, Lance, Justin Fields da Mac Jones. Kafin a fara kakar 2024, huɗu daga cikinsu sun bar ƙungiyar da ta ɗauke su. A 2024 an ɗauki shida cikin gurbi 12 na farko. Buƙata ce ke ɗaga su sama, domin jami'o'i ba su ƙara yawan nagartattun da suke fitarwa ba.

Inda caca take zama ganganci shi ne hawa sama da musaya. A 2012 Washington ta ba St. Louis gurabenta na zagayen farko na shekara uku da na zagaye na biyu guda ɗaya don Robert Griffin III. Ya yi shekarar farko mai ban mamaki, gwiwarsa ta lalace a watan Janairun 2013, kuma ƙungiyar ba ta da guraben da za ta gyara abin da ke kewaye da shi. Wanda ya gaje shi, Kirk Cousins, a zagaye na huɗu suka ɗauke shi a shekara ɗaya da Griffin. San Francisco ta ba Miami gurbin zagayen farko na 2021, 2022 da 2023 don Lance. Wasa huɗu ya fara musu, suka miƙa shi Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. Abin da ya cece su shi ne Brock Purdy, mutum na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022, wanda ya kai su Super Bowl.

Amma wanda ya fi nuna yadda tarkon yake aiki shi ne na Carolina a 2023. Don ta hau daga gurbi na tara zuwa na ɗaya ta ɗauki Bryce Young, ta ba Chicago guraben zaɓe huɗu, har da na zagayen farko na 2024, sannan ta haɗa da DJ Moore, wanda shi ne babban mai karɓar ƙwallonta. Wato ta sayar da mutumin da yaron zai jefa wa ƙwallo don ta sayi yaron. An kori koci Frank Reich bayan wasa 11, ƙungiyar ta gama da nasara 2 cikin 17, kuma gurbin farko na 2024 da wannan wahala ta jawo ba nata ba ne, na Chicago ne, wadda ta ɗauki Williams da shi. Ko Young ya zama abin da ake fata nan gaba, shekarar da ya fi buƙatar taimako an riga an cinye ta.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba, kuma ni shi na fi jin tsoro. Wanda ya lalace ƙarara, da wuri ake gane shi a rabu. Mai wahalar shi ne na tsaka-tsaki, wanda yau zai burge ka, mako mai zuwa ya ba ka haushi. Kwantiragin zagayen farko shekara huɗu ne da damar ƙarin ta biyar, kuma kafin ta ƙare dole a yanke shawara: a biya shi kuɗin manya ko a koma farko. Wanda ya zaɓo shi ba ya son amsa cewa ya yi kuskure. New York Giants ta ɗauki Daniel Jones na shida a 2019, bayan kaka ɗaya mai kyau ta ba shi kwantiragin dala miliyan 160 a watan Maris na 2023, ta kuma sallame shi a Nuwamban 2024. Kusan shekara shida ke nan, kuma rayuwar ɗan wasa a wannan gasa gajeriya ce, abokan wasansa nagari sun tsufa ko sun tafi a tsakani.

To sai a daina, a jira zagaye na shida kamar yadda aka samu shahararren kwatabak Tom Brady? A nan nake rabuwa da masu wannan ra'ayi. Gaskiya ne Brady na 199 ne a 2000, Joe Montana zagaye na uku a 1979, Russell Wilson zagaye na uku, Prescott na huɗu, Jalen Hurts na biyu. Amma muna tuna su ne saboda ba a saba gani ba. Kowace shekara ana ɗaukar kwatabak da dama a zagayen baya waɗanda ba wanda zai sake jin sunansu. New England ma da ta san abin da Brady zai zama da ba ta bar shi har zagaye na shida ba. In ka duba waɗanda suka riƙe gasar a 'yan shekarun nan, Mahomes, Allen, Joe Burrow, Lamar Jackson, Justin Herbert, dukkansu 'yan zagayen farko ne. Ɗan katanga nagari ko mai tsaro nagari yana ƙara wa ƙungiya ƙarfi, amma kwatabak nagari shi ke sa ta cikin masu neman kofi shekara goma a jere. Ƙungiyar da ta ƙi yin cacar saboda tsoro takan ƙare a tsakiyar tebur: ba ta yi kyau ta ɗauki kofi ba, ba ta kuma lalace ta samu gurbin sama ba.

Saboda haka in gurbin naka ne, ba sayensa ka yi ba, kuma ka gamsu da yaron, ɗauke shi. Ko ya ƙi, albashinsa na yanzu ba zai karya ka ba. In kuwa sai ka ba da guraben shekara biyu ko uku, to sai ƙungiyarka ta riga ta ginu kamar Kansas City ta 2017, wadda gurbin zagayen farko guda ɗaya da na zagaye na uku ta ƙara a kan nata. Kuma kafin in duba yaron, zan duba ko kocin da manajan da ke ɗaukarsa za su kai shekara uku a kujerarsu, da ko akwai tsohon hannu da zai riƙe fili in yaron bai shirya ba. Daga ɓangaren yaron, yawan wasannin da ya fara a jami'a ya fi mini nisan jifarsa. Jayden Daniels ya fara wasa 55 kafin Washington ta ɗauke shi na biyu a 2024, Bo Nix ya fara 61 kafin Denver ta ɗauke shi na 12, kuma dukkansu sun kai ƙungiyoyinsu wasannin sili-ɗaya-ƙwale a shekararsu ta farko.